Cikar Inde

A Madarumfa, in mace ta zuba maka fura har ta kai bakin ƙwarya tana neman malala ƙasa, sai a ce ta yi maka cikar Inde. Yaran yanzu suna faɗin haka ba su ma san wace ce Inden ba. To ku matso in gaya muku, don ni ba na son a riƙa tauna sunan mutum ba a san shi ba.

Zamanin da nake faɗi Nasara bai iso ba tukuna, sai dai labarinsa a bakin fatake. Inde matar wani masunci ce, Ɗan Azumi, gidansu na can gefen gari wajen tabki. Sana'arta daddawa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to idon Inde bai sani ba, hannunta kuwa ya fi idon ɓata. In ka sayi daddawa ka ce a yi maka gyara, gyaran sai ya fi abin da ka saya yawa. Tukunyarta kullum sai ta tafasa ta zubo ta kashe wuta. In ta zuba tuwo, murfin akushi ba ya zama, sai dai ya ɗare bisa kamar hular ɗan yaro a kan babba.

Ɗan Azumi kuwa siririn mutum ne mai son kome daidai wa daida. Yakan tsaya ya dubi murhu ya jiƙe, ya girgiza kai.

"Ke Inde, tukunya ma da aka yi mata wuya, don a san inda za a tsaya aka yi shi."

"Maginiyar ce ta yi rowar laka," in ji Inde. "Kai dai ci ka yi ƙiba, kar mutane su ce ba na ba ka."

Haka suke, ya yi ƙorafi ta yi dariya, kuma bai taɓa barin loma a akushin ba.

Abu guda ne Inde ta yi rowarsa a duniya, shi ne sunan ɗiyarta ta fari. Kun dai san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. To kunyar Inde biyu ce ta haɗu, don Ɗan Azumi sunan mahaifiyarsa ya sa wa yarinyar, Asma'u. Ina macen da za ta buɗe baki ta kira sunan uwar mijinta? Shi uban ya sami mafita, yana ce mata Uwata. Inde kuwa sai "waccan", sai "yarinyar tsohuwa", don tun da aka yaye ta aka kai ta ɗakin kakar. Ita ma yarinyar ba ta ce mata Inna, Yaya take ce mata, kamar yadda ƴaƴan fari ke yi.

Ƙannenta maza kuwa, wayyo! In Inde ta tsaya ƙofar gida ta ƙwala wa Garba kira, har masunta a tsakiyar tabki sai sun waiwaya. Asma'u tana zaune tana ji.

Amma kullum in an sauke tukunya, sai ka ga akushi ya nufi ɗakin tsohuwa, an danna shi an ƙara, tsakiyar kifi na kwance bisa.

"A kai wa waccan," in ji Inde, tana kallon wani wuri. "Ragowa ce, kar ta lalace."

Ragowa! Ni dai ban taɓa ganin ragowar da ake fara zubawa tun ba a zuba wa maigida ba.

Yarinya ta san al'ada, amma zuciyar yaro ba ta jin al'ada. Wata rana tana ƙarama, tana taya ubanta tsince ƙaya daga taru, ta ce, "Baba, Yaya kuwa ta san sunana?" Ɗan Azumi ya yi dariya har da tari, ya je ya gaya wa Inde. Inde ta taɓe baki ta ce, "In yi me da shi?" Ta juya ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ran nan akushin da aka kai ɗakin tsohuwa sai da aka sa hannu biyu.

Kwana ya tashi, tsohuwa ta rasu, Asma'u ta girma ta auri Yahaya, wani manomi da ta zaɓa da kanta tun suna haɗuwa a dandali. Ƙauyensu na ƙetaren gulbi. Da rani wannan ba kome ba ne, gulbin rairayi ne zalla, ka taka da ƙafa ka wuce. Da ta sami ciki aka shirya in ya tsufa za ta dawo gida ta haihu gaban iyayenta, a yi mata wankan jego a nan. Tun farkon damina Inde ta shiga tara itace har ya fi danga tsawo. In an tambaye ta sai ta ce ita tsoron jiƙaƙƙen itace take.

To shekarar nan sama ma cikar Inde ta yi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, ya dawo da ƙarfinsa. Gulbi ya cika ya batse, ya tumbatsa, ya ɓalle ta inda ba a taɓa ganin ya bi ba. Tabki ya haɗiye fadama, ya malalo cikin gonaki har dawa sai kanta kake hangowa, yara na kama tarwaɗa a inda aka shuka wake. Hanyar ƙetare ta yanke ɗif. Aka ce a jira ruwa ya ja kafin a ɗauko Asma'u, shi kuwa ciki bai san jira ba.

Wata safiya Inde na daka a tsakar gida sai ga Shu'aibu, abokin kamun kifin Ɗan Azumi, ya ƙetaro bisa gora, jikinsa na ɗigar ruwa. Ya yi sallama ya ce albishirinku, an sauka, namiji ne, yaro lafiya lau.

Inde ba ta ɗaga kai ba. "Allah ya raya," ta ce, ta ci gaba da daka.

"Sai dai uwar ta jigata," in ji Shu'aibu. "Kuma kun san uwar Yahaya ta tsufa, ba ta iya ɗaga tukunya. Maƙwabta ke taimakawa, su ma ruwa ya ci masu itace. An ce dai da ɗan ruwa mai ɗumi-ɗumi ake yi mata wankan."

Taɓarya ta tsaya a sama. Mai ɗumi-ɗumi! A wajen matan wancan zamani wannan magana daidai take da a ce an haƙa kabari. Kowa ya yarda in mai jego ba ta sha tafasasshen ruwa a jiki safe da yamma ba, ba ta sha kunun kanwa ba, sanyi zai shige ta, ta kumbura, a rasa ta. Inde ta ga an binne irinsu ba ɗaya ba, ba biyu ba. Amma fuskar nan ko gezau. Ta jingine taɓarya ta dubi mijinta.

"Maigida, gobe za ka ƙetarar da ni."

"Wajen wa?" in ji Ɗan Azumi, yana danne murmushi.

"Wajen angona mana. An ce an yi mani sabon miji a ƙetare, kai ka tsufa."

"Ke da ba ki iya ruwa ba? Ɗiyar tudu?"

"To me amfanin auren masunci?"

Wunin ranar ba wanda ya ga zamanta. Ta surfa gero, ta daka yaji da citta da kimba da masoro har unguwa ta ɗauki atishawa. Ta ɗaure daddawa, ta ɗaure kuka, ta zaɓo bandar kifi mafi maiƙo. Ta fiddo man shanu da zuma da zanen goyo na saƙi da ta ɓoye a ƙasan tukunya tun ba a san da cikin ba.

Da safe Ɗan Azumi ya riga ta zuwa bakin gulbi da kayan fito: gora babba wadda mutum ke rungumewa ya yi iyo bisanta, da masaki, wato ƙatuwar ƙwaryar da ake zuba kaya a tura bisa ruwa. Yana cikin duba igiya ya waiwaya sai ya ga ayari. Inde a gaba da tukunyar wanka a ka, matan unguwa a baya kowacce da ƙunshi, ta ƙarshe na ɗauke da damin itacen ƙirya.

Ya riƙe baki. "La'ilaha illallahu. Ƙaura za mu yi?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba ne."

"Har da itace? Ƙetaren ba Allah ya tsirar da itatuwa ba?"

"An ce ya jiƙe."

"To in ya bi ta gulbi bushewa zai yi?"

Matan suka fashe da dariya. Inde ta harare su, ta ce a ajiye itacen, amma fuskarta kamar an ƙwace mata ɗa. Ɗan Azumi ya durƙusa ya shiga jera kaya a masaki da kansa, yana auna kowane a hannu. Ya sa gero rabi, ya sa yaji da daddawa da zane. Da ya ɗaga dunƙulen kanwar da ta kawo, wanda ya kusa kai dutsen niƙa, sai ya fasa ɗan gefe ya sa, ya ture sauran. Tukunyar wanka kuwa ko dubanta bai yi ba.

"Masaki yana da inda yake tsayawa," ya ce. "Ruwan nan ba na wasa ba ne, Inde, ni da na tsufa a cikinsa ina jin tsoronsa yau. In ba ki yarda ba mu koma. In gulbi ya hana ƙetarewa, ai bai hana komawa ba."

"Na yarda," in ji Inde, da wata murya mai laushi wadda ya kamata ta ba shi tsoro fiye da gulbin.

Ya shiga ruwa ya ɗan yi gaba don ya ji ƙarfin igiyarsa. Kafin ya juyo, hannun nan da bai san ƙima ba ya yi aikinsa. Ta ɗaga zane ta cusa dunƙulen kanwar a ƙasa, ta ƙara sauran geron, ta danna tandun man shanu, ta kifa tukunyar wanka bisa duka ta ce wai don kar ruwa ya taɓa yaji. Matan unguwa suna gani, ba wadda ta ce uffan, don duk cikinsu ba wadda ba ta ci gyaran Inde ba.

Da aka tura masaki bisa ruwa sai ya nutse har ya rage ɗan yatsa a bakinsa. Ɗan Azumi ya dubi masaki, ya dubi matarsa.

"Me kika ƙara?"

"Tukunya ce kawai. Masakinka ne ya tsufa kamar mai shi."

Ya buɗe baki zai yi magana sai ya hangi hadari na haɗowa daga gabas. In aka tsaya sauke kaya da gardama, ruwa zai ƙaru, sai kuma wani jiƙon. Ya yi bisimilla, ya kwantar da ita bisa gora ya ce ta rungume da hannu biyu kar ta saki ko me za ta gani, ya ɗaura igiyar gorar a ƙugunsa, ya kama bakin masaki ya shiga.

Da fari lafiya lau. Inde ta rufe ido tana ta salati, ruwa na dukan ƙafafunta, sanyinsa har cikin ƙashi. Da suka kai tsakiya, inda gulbi ke gudu ja wur yana juyi, sai ga wani kututture ya taho. Bai taɓa su ba, wucewa kawai ya yi, amma igiyar ruwan da ya turo ta haye bakin masaki. Kaɗan ta shiga. Ta biyu ta fi ta fari. Masaki ya karkace, tukunya ta zame ta yi ƙasa, ruwa ya kwarara ciki.

Inde ta buɗe ido ta ga abin da ke faruwa. Ta saki gora da hannu ɗaya ta cafki bakin masaki. Gora ta mirgina, kanta ya nutse ya fito.

"Saki!" in ji Ɗan Azumi.

"Kanwar! Maigida, kanwar!"

"Saki na ce, ko ki bi ta! In je in ce wa Uwata me?"

Wannan ce ta sa ta saki. Masaki ya kife. Tana kallo daddawarta ta watsu bisa ruwa baƙi-baƙi, zanen goyo ya buɗe ya bi gulbi yana tafiya. Ɗan Azumi ya damƙo ta ya maida bisa gora, ya ci gaba da ja yana haki.

Nan Inde ta fashe da kuka, kuma ba kukan tsoron ruwa ba ne. Tun ranar da ta haifi yarinyar nan ba ta da wani baki da take yi mata magana da shi sai akushi. Duk abin da ba ta iya faɗi, a tuwo take dannawa, a kifi, a zane. Yau kuwa ranar da ɗiyar ta fi bukata, za ta isa gabanta hannu rabbana, ba ko ƙwayar gero. Ta yaya yarinya za ta san an damu da ita? Kuma laifin na wa, in ba nata ba?

Ruwa ya kai har gindin dangogin ƙauyen, don haka mutane na tsaye bakin gaɓa suna kallon fiton tun daga nesa. Da masaki ya kife aka ɗau ihu: "Ya kife! Matar Ɗan Azumi ta nutse!" Ihun nan ya shiga gida-gida har ɗakin mai jego.

Sun kusa gaɓa, Ɗan Azumi ya fara jin ƙasa a ƙafarsa, Inde ta share ido ta ɗaga kai. Sai ta ga mutane na darewa. Wata mace ta keto tsakaninsu, ba kallabi, fuska ta faɗa, tana tafiya tana dafe ciki. Wata tsohuwa ta kama mata hannu, ta fizge. Ta sa ƙafa cikin ruwa.

"Inna!" take kira. "Inna!"

Mai jego, ko suna ba a yi ba, cikin ruwan gulbi mai sanyin ƙanƙara! Ya kai mata idon sawu, ya kai gwiwa, ba ta tsaya ba. Inde ta ɗago bisa gora, ta cika ƙirji da muryar nan da ke juyo da masunta daga tsakiyar tabki.

"Asma'u! Asma'u, koma! Fita daga ruwan nan, don ubanki! Asma'u!"

Asma'u ta tsaya cak, ruwa na zagaya gwiwoyinta, baki buɗe, kamar wadda aka kira daga barci. Sannan ta ja da baya a hankali ta hau tudu, idonta na kan uwar.

Wata tsohuwa ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran mata suka kama, masu dariya na yi, masu share hawaye na yi. Ɗan Azumi ya jawo gora bakin gaɓa ya zube a laka yana maida numfashi. Da ya sami bakin magana sai ya ɗaga hannu sama.

"Allah ya jiƙan mahaifiyata. Yau ta ji sunanta a bakin surukarta, har sau uku, da zagina a kai gyara."

"Rufe mani baki," in ji Inde. Kunya ta rufe ta, ta ja jiƙaƙƙen zanenta ta rufe fuska, amma ba ta tsaya ba. Ta damƙi hannun ɗiyar ta yi cikin gida da ita tana faɗa. Wane mahaukaci ya bar mai jego ta fito? Ina mijin yake? Ina tukunya? A ce duk ƙauyen nan ba busasshen itace? A cire ƙyauren ɗaki a fasa!

Ba a kai ga ƙyaure ba. Wannan ta kawo kara daga rufin rumbu, waccan ta kawo tukunyar rini ta wanke, wata ta zo da ɗan guntun kanwa ƙulle a tsumma, Yahaya ya ruga jeji ya saro ganyen runhu. Kafin hadarin ya sauko ruwa na tafasa, kuma ba sai na gaya muku ya zubo ya kusa kashe wutar ba.

Bayan ɗaki, cikin tururi, Inde ta tsoma ganye tana fyaɗa wa ɗiyarta ruwan zafi a baya, tana danna mata ƙafafun da suka shiga gulbi. Su biyu ne kawai. Inde ta yi magana tana kallon tukunya.

"Na taho maki da ƴan kaya. Ragowa ce dai. Gulbi ya cinye."

"Na gani."

"Har da zane. Da kanwa mai kyau, ba irin wannan ba. Ban iso da kome ba."

Asma'u ta juyo ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ashe kin san sunana."

"Kin ji shirme. Kullum in ina cika akushin nan, me kike tsammani nake faɗi a cikina?"

Asma'u ta yi dariya, hawaye na bin tururin da ke fuskarta. Ta kama hannun uwar, hannun da ke riƙe da ganye, ta riƙe shi gam.

"Inna, a yi mani gyara."

"Gyaran me? Na ce maki kome ya tafi."

"Wancan da kika faɗa a gulbi, tsawa ce. Ina son in ji shi ba tsawa. Ke da ba ki taɓa hana kowa gyara ba."

Inde ta waiwaya dama, ta waiwaya hagu, ta leƙa ta kan danga ko akwai mai ji. Daga cikin ɗaki jariri ya fara kuka, ruwan sama ya fara ɗigowa bisa ganye. Ta matso da bakinta kusa da kunnen ɗiyarta.

"Asma'u," ta ce a hankali.

Da an bar ta nan, da an ce ta yi daidai wa daida sau ɗaya a rayuwarta. Amma Inde ce. Ta sake faɗi, ta kuma sakewa, tana fyaɗa ruwa tana faɗi, har ruwan tukunyar ya ƙare ba ta daina ba.